Lamba 56, Titin Hope: Gidan da Bob Marley Ya Zama Ubangidan Kansa

Birnin Kingston kashi biyu ne, kuma baƙo ba ya bukatar a gaya masa. Can gangare, bakin teku, tsohon gari yake: kasuwar Coronation, titin Orange, titin King, da unguwannin talakawa irin su Trench Town, inda kwanon rufi ya yi tsatsa, rana kuma take fara dukan mutum tun hantsi. Idan mota ta miƙe arewa ta wuce Half Way Tree, sai bishiyoyi su yawaita, katangun gidaje su ƙara tsawo, duwatsun Blue Mountains su tsaya a gabanka da gajimare a kansu. Nan titin Hope yake, unguwar masu hannu da shuni. A gefensa ofishin firaminista yake, haka ma fadar gwamna-janar. Gaba kaɗan, a lamba 56, sai ka ga katanga ta sha fenti ja da rawaya da kore, a cikinta kuma wani tsohon gidan bene na zamanin Turawan mulkin mallaka.

A nan Bob Marley ya yi zamansa na ƙarshe a Jamaika. Bayan rasuwarsa a 1981 matarsa Rita ta mai da gidan wurin adana tarihinsa, yau kuma da wuya baƙo ya shigo Kingston ya fita bai leƙa ba. Motocin 'yan yawon buɗe ido suna ta sauke mutane a bakin ƙofa, Turawa da Japanawa da baƙaƙen Amurka, kowa na ɗokin ganin gadon da ya kwanta da ramukan harsashin da aka harbe shi. Ni abin da ya ja ni daban ne. Wannan gida shi ne tsohuwar hedikwatar Tuff Gong, kamfanin faifan da Marley da abokansa suka kafa da kuɗin aljihunsu. A ƙasar Hausa mun san mutumin ta kaset da hotunansa a shagunan aski da bayan motoci, mun san shi da waƙoƙin 'yancin baƙar fata. Abin da ba mu cika ji ba shi ne fiye da rabin rayuwarsa ya yi shi ne yana kokawa da wata tambaya ta kasuwa: waƙar da ya tsara ya rera, idan ta hau faifai, mallakar wa ce?

A tsakar gida akwai mutum-mutuminsa riƙe da jita, da tsohuwar Land Rover ɗinsa a ajiye. Ba a shiga cikin gidan sai da ɗan jagora, kuma ba a ɗaukar hoto a ciki. Dokar ta yi mini daɗi, domin idan waya ta koma aljihu ido ya fi zama a kan abu. Jagorarmu mace ce mai fara'a, tarihin yana kanta, takan tsaya ta ja baiti jama'a su amsa. Bango cike yake da faifan zinariya na shaidar yawan ciniki, ga rigar jins ɗin da yake hawa dandamali da ita, ga lambar girma ta Order of Merit da gwamnatin Jamaika ta ba shi a 1981. Matakalar katako ce, tana ƙara idan an taka. A sama akwai ɗakin da aka liƙe da yankan jaridu tun daga ƙasa har rufi. Ɗakin kwanansa ƙarami ne, gado ne kawai da jita mai siffar tauraro a gefe, sai ɗan kicin da na'urar markaɗa kayan marmari. Mutumin da sunansa ya cika duniya, iyakar abin da ya keɓe wa kansa ke nan.

A wannan benen ne aka sake gina kwatankwacin shagonsa na farko na sayar da faifai, wanda ake kira Wail'n Soul'm. Mutane ba su daɗewa a gabansa, leƙe ɗaya suke yi su wuce ɗakin kwana. Ɗan akurkin katako ne, mutum biyu sun cika shi. Amma duk abin da ke cikin gidan nan, har da gidan kansa, daga wannan akurki ya samo asali, shi ya sa na bar ayarinmu ya yi gaba na tsaya.

Hajar shagon ita ce ƙaramin faifan garmaho mai faɗin inci 7, waƙa ɗaya a kowace fuska. A tsakiyarsa akwai 'yar takarda zagayayya da aka manna. A kanta ake buga sunan waƙa, da sunan mawaƙi, da sunan furodusa, sannan a saman duka, da manyan baƙaƙe, tambarin kamfani. Duk rigimar da mawaƙan Jamaika suka yi shekaru suna yi, a kan wannan 'yar takarda take, domin wanda tambarinsa yake sama shi ke riƙe da masta, wato uwar faifan da ake bugo sauran daga gare ta, kuma aljihunsa kuɗin ke shiga. Tambarin Wail'n Soul'm hannuwa uku ne, kowanne ya kama ɗan'uwansa: Bob Marley, Peter Tosh da Bunny Wailer.

Sai mutum ya san yadda sana'ar take a Kingston a farkon shekarun 1960 sannan zai gane abin da samarin nan suka yi. Masu ƙarfi a lokacin su ne masu manyan lasifiku da ake girkewa a fili a yi rawa da dare, irin su Clement Dodd da aka fi sani da Coxsone, da Duke Reid, tsohon ɗan sanda. Su ne suka koma furodusoshi, domin suna bukatar sababbin waƙoƙin da abokan hamayya ba su da su. Yaro zai bi layi a ƙofar sutudiyo, a saurare shi, idan ya dace a ɗauki muryarsa, a danƙa masa 'yan fam a hannu, shi ke nan an rabu. Ko faifan ya sayar da ɗari ko ya sayar da dubu hamsin, babu wani kaso da zai biyo baya. Dokar haƙƙin mallaka da ƙasar take aiki da ita ta Ingila ce ta 1911, ba mai waiwayarta, kuma sai a 1993 Jamaika ta yi tata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Marley ya shiga wannan layi yana ɗan shekara 17, yana koyon walda. A watan Fabrairun 1962 ya yi wa furodusa Leslie Kong waƙarsa ta farko, “Judge Not”, ba ta yi kasuwa ba. Shekara ta zagayo suka haɗu da Tosh da Bunny da wasu abokai suka kafa ƙungiyar Wailers, suka tafi Studio One, wurin Coxsone, a titin Brentford. “Simmer Down” ta zama ta ɗaya a ƙasar a farkon 1964, an ƙiyasta ta sayar da kwafi 70,000. Suna ya fita, ana nuna su a titi, amma abin da suke samu ɗan alawus ne na mako, har akwai lokacin da Marley yake kwana a wani ɗaki a bayan sutudiyon don ba shi da wurin sa haƙarƙari. A ranar 10 ga Fabrairun 1966 ya auri Rita, washegari ya tashi zuwa Wilmington a jihar Delaware ta Amurka, inda mahaifiyarsa take. Mawaƙin da ya fi kowa tashe a Kingston ya koma aikin ƙarfi a garin da ba wanda ya san shi, yana tara kuɗi da niyya guda: ya dawo ya buga faifansa da kansa. A watan Oktoba ya dawo da 'yan ɗaruruwan daloli, da su aka kafa Wail'n Soul'm.

Shagon na ainihi a gidan gwaggon Rita yake, a titin Greenwich Park. Da rana a jera faifai a sayar, da dare a tattara a kwanta. Rita ce take ɗora kaya a keke tana bin shaguna. Faifansu na farko, “Bend Down Low”, ya karɓu, kuma a karon farko kuɗin ciniki ya shigo hannun waɗanda suka yi waƙar. Sai dai a nan suka gano cewa rera waƙa ita ce mafi sauƙi a cikin sana'ar. Hayar sutudiyo kuɗi a hannu ne. Makaɗa ba su jira. Masana'antar buga faifai ba ta ba ƙaramin mutum bashi, su kuwa masu shaguna bashi suke karɓa, sai sun sayar su biya, in ma sun biya. Gidajen rediyo biyu ne kacal a ƙasar, RJR da JBC, kuma manyan furodusoshi sun riga sun san hanyar shiga wurin masu sa faifai. Ana cikin haka aka kama Bunny da tabar wiwi a 1967, ya yi wata 14 a kurkuku. Jari ya karye. Marley ya kwashe iyali ya koma ƙauyensu, Nine Mile, ya kama noma.

Wasu marubuta suna wuce wannan zango da sauri, a matsayin faɗuwar da ta gabaci nasara. Ni a ganina a nan Marley ya yi karatunsa. Mawaƙin da bai taɓa bin bashin kuɗin faifansa a shago ba, bai san abin da yake sa hannu a kai ba idan aka miƙo masa kwantiragi. Duk da haka yunwa ba ta jiran ilimi ya nuna. A 1968 ya shiga yarjejeniya da Danny Sims da mawaƙi Johnny Nash, Amurkawa masu kamfanin JAD, haƙƙin rubutattun waƙoƙinsa kuma ya shiga hannun kamfanin Sims mai suna Cayman Music. Albashin ya rufa musu asiri, amma takardar ta bi shi har bayan ransa. A 1970 da 1971 suka yi aiki da furodusa Lee Perry, inda suka samu makaɗa biyu 'yan uwa ɗaya, Aston Barrett mai jitar bas da Carlton Barrett mai ganga. Masana da dama suna cewa Wailers ba su taɓa yin waƙoƙin da suka fi na wannan lokaci ba. Yarjejeniyar kuwa ta baka ce. Perry ya ba kamfanin Trojan na Ingila kaset ɗin, aka buga a can, su Bunny suka yi ta ƙorafi har tsufansu cewa ba su ga rabonsu ba.

A cikin wannan ruɗani, a 1970, suka sake gwadawa. Suka sa wa sabon kamfanin Tuff Gong, laƙabin da ake kiran Marley da shi a unguwa saboda taurin kansa, suka buɗe shago a lamba 127, titin King. A 1971 “Trench Town Rock” ta fito da tambarinsu ta mamaye ƙasar. Ba a ɓoye yake ba cewa a wannan karon abokan Marley sun riƙa zuwa gidajen rediyo suna matsa wa masu sa faifai lamba, wani lokaci da magana mai daɗi, wani lokaci da zare ido. Ba na yabon wannan, amma yana nuna irin ƙofar da aka rufe wa ƙaramin kamfani.

Jamaika tsibiri ne da mutanensa a lokacin ba su fi miliyan 2 ba, kasuwarsa ba ta ciyar da mai babban buri. A 1972 Wailers suka tsinci kansu a Landan ba ko kuɗin jirgin komawa gida, suka shiga ofishin Chris Blackwell, mai kamfanin Island, wanda shi ma a Jamaika ya taso ya fara sana'arsa a 1959. Blackwell ya ba su fam 4,000 su je su yi albam. Mutane sun gaya masa ya yi asarar kuɗinsa. Suka koma Kingston suka yi aikin suka kawo, aka ƙara masa jita da kiɗan madannai a Landan don ya shiga kunnen Turawa, ya fito a 1973 da sunan Catch a Fire. Daga nan duniya ta ji Wailers. Ba adalci ba ne a mai da Blackwell azzalumin labarin, domin ya yarda da su a ranar da ba wanda ya yarda, kuma yana da abin da Tuff Gong ba shi da shi: hanyar kai faifai shagunan Turai da Amurka. A gida Jamaika albam ɗin Marley sun ci gaba da fitowa da tambarin Tuff Gong. Amma kasuwar duniya ta Island ce, da abin da ke tafe da ita. Tosh da Bunny ba su jure tsarin ba, zuwa 1974 sun fita, kowa ya riƙe nasa kamfanin, Tosh da Intel-Diplo, Bunny da Solomonic.

Gidan da nake tsaye a ciki ma na Blackwell ne da farko, Island House ake ce masa, a 1975 ya koma hannun Marley. Ɗan Trench Town ya tare a unguwar manya, ya kuma taho da jama'arsa. Tsakar gidan da yanzu baƙi suke shan lemo a inuwa, a da filin ƙwallo ne da yamma, da safe kuma layin mabukata: mai neman kuɗin makarantar yaro, mai neman jari, mai neman a saurari waƙarsa. Maƙwabta ba su ji daɗi ba. Wannan ma wani nauyi ne da ke hawa kan mawaƙi ranar da ya zama mai kamfani. Jiya shi ke bin layi, yau layin a ƙofarsa yake, kuma kowa yana ganin yana da haƙƙi a kansa.

Ta bayan gida ake zagayawa a ga wurin harbin. Ranar 3 ga Disambar 1976, saura kwana biyu a yi bikin waƙa na Smile Jamaica, ƙasa kuma tana cikin zafin zaɓe tsakanin jam'iyyar Michael Manley da ta Edward Seaga, 'yan bindiga suka kutso da dare ana gwajin kiɗa. Harsashi ya goge ƙirjin Marley ya shige hannunsa, an sami Rita a ka, manajansa Don Taylor ya ji munanan raunuka. Ba wanda ya mutu. Ramukan suna nan a bango, ƙanana ne, yatsa ɗaya ya toshe kowanne. A nan ne kaɗai na ga ayarinmu ya yi tsit ba tare da an ce a yi ba. Marley ya hau dandamali ranar 5 ga wata da bandeji, sannan ya bar ƙasar ya yi fiye da shekara a waje, yawanci a Landan, inda ya yi albam ɗin Exodus.

Da ya dawo a 1978 ya sa hannu a aikin da ya daɗe yana mafarki: sutudiyonsa na kansa, a cikin gidansa, da na'urori irin na Landan. A nan aka ɗauki Survival na 1979 da Uprising na 1980. A nan kuma aka fara fitar da wasu, ciki har da 'ya'yansa, Melody Makers, waɗanda faifansu na farko ya fito da tambarin Tuff Gong a 1979. Ba mai duba masa agogo, ba mai ce masa lokacin haya ya ƙare, ba mai ce masa waƙar haɗin kan Afirka ba za ta sayu ba. A watan Afrilun 1980, da aka gayyace shi bikin 'yancin Zimbabuwe, shi ya biya kuɗin ɗaukar makaɗansa da kayan sauti daga aljihunsa. Mai jiran alawus ɗin mako ba zai iya wannan ba. Shekara 17 ya yi tsakanin faifansa na farko da albam na farko a ɗakinsa, albam biyu kawai ya fitar daga ɗakin yana raye. Ciwon daji ya ɗauke shi a Miami ranar 11 ga Mayun 1981, yana da shekara 36. Na tsaya a wurin na ji abin ya taɓa ni ƙwarai.

Daga titin Hope na gangara Trench Town, inda ake kula da wani tsohon gidan haya na gwamnati a First Street da sunan Culture Yard. Ɗakuna ne ƙanana kewaye da tsakar gida, da gawar wata motar Volkswagen ta Marley da tsatsa ta cinye. A nan Vincent Ford ya zauna, mutumin da ya ciyar da Marley lokacin da ba shi da komai. Duk wanda ya duba bayan albam ɗin Natty Dread na 1974 zai ga sunan Ford a matsayin marubucin “No Woman, No Cry”. Mutane da yawa sun yi imani Marley ne ya rubuta ta ya sa sunan amininsa, don kuɗin su tsallake Cayman Music su kuma taimaki Ford. Maganar ta kai babbar kotun Landan, a 2014 Cayman ta sha kaye. Darasin da ke ciki na sana'a ne: kowace waƙa dukiya biyu ce, akwai rubutacciyar waƙar, akwai kuma muryar da aka ɗauka a faifai, kowacce da mai ita da hanyar kuɗinta. Marley ya sayar da ta farko tun kafin ya san darajarta, ya kuma yi shekaru yana neman dabarar ƙwato ta.

Tuff Gong na yau ba a titin Hope yake ba. Yana lamba 220, Marcus Garvey Drive, unguwar masana'antu kusa da tashar jiragen ruwa, inda tireloli suke tayar da ƙura, ba bishiya ba inuwa. Baƙi ba su cika zuwa ba, ko da yake ana zagayawa da wanda ya zo. Ginin asalinsa na Federal Records ne, na Ken Khouri, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara buga faifai a Jamaika. A cikinsa ne yaron nan mai koyon walda ya rera “Judge Not” wa Leslie Kong a 1962. A 1981 Rita ta saye shi ta dawo da kamfanin nan. Ita da ta yi tallan faifai a keke ta san abin da ya karya su a 1967, saboda haka abin da ta saya shi ne dukan sarƙar: ɗakin gwaji, ɗakin ɗaukar waƙa, ɗakin tace sauti, injin buga faifai, da sashen rarraba kaya.

Ɗakin injin ne ya fi riƙe ni. Ana fara yanka waƙar ne da allura a kan wani faifai mai laushi, a lulluɓe shi da ƙarfen nikel ta hanyar lantarki, a ɓamɓaro hatimin ƙarfe mai ɗauke da zanen sautin a juye. Hatimi biyu ake ɗaurawa a inji, na sama da na ƙasa. Sai a kawo curin baƙar roba mai zafi, a sa takardar tambari a kowane gefe, inji ya matse da tururi, ruwan sanyi ya bi, a datse gefen da ya tumbatso. Ba gam ake sa wa takardar ba, zafi da matsi ne suke haɗe ta da robar, ta yadda ba a ɓare ta sai an lalata faifan. Injinan sun yi shekaru a kwance lokacin da kaset da CD suka kashe kasuwar garmaho, amma da faifan ya sake farin jini aka gyara masana'antar, a 2023 aka fitar da albam ɗin Marley bugun Kingston.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Blackwell ya sayar da Island wa PolyGram a 1989, daga baya PolyGram ta shige cikin Universal. Iyalan Marley, ta hannun kamfaninsu da suka sa wa sunan gidan nan, Fifty-Six Hope Road Music, sun kai Universal ƙara a New York suna neman haƙƙin mallakar albam biyar: Catch a Fire, Burnin', Natty Dread, Rastaman Vibration da Exodus. A watan Satumbar 2010 mai shari'a Denise Cote ta yanke cewa bisa takardun da Marley ya sa wa hannu, aikin haya ya yi wa Island, saboda haka faifan na Universal ne. Waƙoƙin da suka kai sunansa kowane lungu na duniya, waɗanda faifan zinariyarsu ke rataye a bangon gidansa, a gaban doka ba nasa ba ne.

Akwai kuma gefen da ba a faɗa a zagayen baƙi. Aston Barrett, wanda jitarsa ce ƙashin bayan kiɗan Marley, ya kai Island da iyalan Marley ƙara a Landan yana neman fam miliyan 60, yana cewa shi da ɗan'uwansa marigayi ba a ba su haƙƙinsu ba. A 2006 kotu ta kori ƙarar, domin ya riga ya sa hannu a wani sulhu a 1994. Ko me mutum zai ce game da hukuncin, kukan da Barrett ya yi shi ne kukan da Marley ya yi a ƙofar Coxsone. Marley yana da kyauta, hannunsa a buɗe yake, amma yawancin alkawuransa da makaɗansa na baka ne, kuma ya rasu bai bar wasiyya ba. Kimanin shekara 10 aka yi ana shari'ar gadonsa, lauyoyi suna ci. Mutumin da rashin takarda ya cuta tun yana yaro, bai bar wa nasa mutanen takarda ba, kuma wannan aibi ne ko da wa ya yi shi.

Hukuncina bayan na ga wuraren nan uku shi ne Marley ya yi daidai da ya kafa kamfaninsa, ko da na farkon ya rushe, ko da na biyun bai ƙwato masa komai da komai ba. Coxsone da Kong da Perry sun biya shi sau ɗaya. Tuff Gong kuwa ya haura shekara 50 yana aiki, yana hannun 'ya'yansa, matasan mawaƙan Kingston suna shiga suna ɗaukar waƙa a ɗakinsa. Mawaƙanmu da ke ɗokin buga tambarinsu su kafa kamfani, ina roƙonsu su karanta labarin nan daga ɓangaren takardu: wa ke riƙe da masta, wa ke da rubutacciyar waƙa, me aka rubuta wa mai kiɗa da 'yan amshi, kuma shekara nawa yarjejeniyar mai rarrabawa za ta yi kafin kaya su dawo hannun mai su. Wanda kuma Allah ya kai shi Kingston, kada ya tsaya a gidan tarihi kawai. Ya nemi ɗan gari ya raka shi Trench Town da safe, sannan ya wuce Marcus Garvey Drive ya roƙa a nuna masa ɗakin injin.